Karkatattun Gidajen Lavenham da Shagunan da Suka Koma Ɗakuna

A gabashin Ingila, cikin gundumar Suffolk, tsakanin garin Sudbury da Bury St Edmunds, akwai wani ƙauye da ake kira Lavenham. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, amma gine-ginensa fiye da 300 suna cikin rajistar da hukuma ta hana a taɓa su sai da izini. Baƙon da ya shiga babban titin ƙauyen zai yi zaton girgizar ƙasa aka yi jiya da dare. Wannan gida ya jingina da maƙwabcinsa, wancan ya turo ƙirji kan titi, taga ta karkace, katakon saman ƙofa ya sunkuya kamar tsoho mai neman sandarsa. Wani gida a titin, wanda aka gina wajen 1395, saboda tsabar karkata har sunansa ya koma Karkataccen Gida. Duk da haka yawancinsu sun haura shekara 500 a tsaye, kuma har gobe da mutane a cikinsu.

Gashin tumaki ne ya gina su. Tun a 1257 Sarki Henry na Uku ya ba garin izinin cin kasuwa, amma bunƙasar gaske sai a ƙarni na 15, lokacin da mutanen Lavenham suka shahara da wani kakkauran yadin ulu mai launin shuɗi. Da ganyen wani tsiro da suke kira wod, dangin kabeji, suke rina shi. Masu ilimin sinadarai sun tabbatar cewa abin da ke ba da shuɗi a ganyen nan shi ne dai wanda ke cikin baban da marina ke zubawa a karofin Ƙofar Mata a Kano, sai dai na wod bai kai na baba yawa ba. Tun ulun yana gashi ake tsoma shi a rini, kafin a kaɗa shi, shi ya sa launin ba ya kodewa. Faɗin yadin ya kusa yadi biyu, don haka masaƙa biyu ke zama a kan masaƙa ɗaya suna miƙa wa juna ƙoshiya. Attajiri ne ke sayen gashin, ya rarraba wa mata su kaɗa a gidajensu, ya kai wa masaƙa, ya kai wa masu bugu da wanki, sannan ya tattara ya aika Landan da ƙasashen ƙetare. Ribar kowane mataki aljihunsa take faɗawa.

Da aka yi kiyasin haraji a 1524, wannan ɗan gari shi ne na 14 a arziki a duk faɗin Ingila, har ya biya fiye da manyan birane irin su York da Lincoln. Babban attajirinsa, Thomas Spring na uku, wanda ya rasu a 1523, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a wajen Landan cikin waɗanda ba jinin sarauta ba. Shi da iyalinsa da John de Vere, hakimin Oxford na 13 kuma ubangidan garin, su suka zuba kuɗi aka sake gina cocin garin, mai hasumiyar da ta kai ƙafa 141. Tambarin gidan Spring ya fito fiye da sau 30 a jikin ginin. Cocin kam da dutse aka yi shi. Amma Suffolk ƙasa ce marar dutsen gini mai kyau, sai tsakuwar ƙanƙara da yumɓu da dazuzzuka. Saboda haka ko attajiri da itace ya gina gidansa.

Itacen kuwa na wata bishiya ce da suke kira ok, mai tauri kamar kiryarmu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kafintocin wancan zamani a zahiri suka yi aiki da wannan magana. Ana sare bishiya, galibi da hunturu, ba a jira ta bushe ba sai a hau ta da gatari da gizago da zarto, domin in ta bushe kayan aikinsu ba sa cinta sai da wahala. Ba a filin gidan ake fara aikin ba. Kafinta yana da nasa fili, inda zai shimfiɗa bango guda a ƙasa, ya auna kowane katako da ɗan'uwansa, ya fafe rami a wannan, ya fiƙe harshe a wancan, ya gwada su har su zauna daram. Sai ya tsaga lamba irin ta Rumawa a kowace mahaɗa, ya kwance, a loda a keken shanu a kai inda za a kafa. Lambobin nan suna nan a jikin katakan gidaje da yawa, mai ido zai gan su.

Ba ƙusar ƙarfe a wannan ƙwarangwal. Da turakun itace ake ɗaure mahaɗa, kuma akwai wata dabara a ciki da take burge ni ƙwarai. Kafinta ba ya huda ramin turke a harshen katako daidai da na jikin ramin da zai shiga. Yakan ɗan kauce da shi kaɗan, yadda in aka buga turken zai jawo katakan biyu su matse juna. Daga nan sai itacen ya shiga bushewa a hankali, shekara da shekaru, yana ƙanƙancewa yana murɗewa yadda ya ga dama. Harsashin ginin kuma ba wani mai zurfi ba ne: ɗan gajeren dakali na tsakuwa ko jan bulo, a ɗora masa dogon katako a kwance, a kafa ginshiƙai a kai. Ƙasa ta motsa, gida ya bi ta. Asalin karkatar ke nan. Gidan bulo in ya motsa haka tsagewa yake yi, na katako kuwa sai ya lanƙwasa ya ci gaba da zamansa.

Masu yi wa baƙi jagora a irin waɗannan garuruwa suna son cewa da katakan tsofaffin jiragen ruwa aka gina gidajen, wai ga ramukan da ba komai a cikinsu shaida. Masu bincike ba su yarda da wannan ba. Ramukan nan alama ce ta cewa katakon ya taɓa zama a wani gida, ko kuwa an cire wani bango daga wurin. Yau ma ana iya ƙirga zoben da ke cikin itacen a gane shekarar da aka sare shi, tun da kuwa ɗanye aka yi aiki da shi, shekarar sara kusan ita ce shekarar gini.

Tsakanin katako da katako sai a kafa sanduna, a yaɓe su da cakuɗen yumɓu da ciyawa da gashin dabba, wani lokaci da kashin shanu, a bi da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin ana yaɓe rumbu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda attajiran Lavenham suka nuna isa shi ne wajen jera katakan tsaye. Bango ba ya bukatar su da yawa kafin ya tsaya, amma sai ka ga an jera su kusa da kusa, har faɗin yaɓen da ke tsakani bai fi faɗin katakon ba. Itace kuɗi ne, kuma mai gida yana so duk mai wucewa ya san yana da shi. Haka ma turo bene. Ana barin katakan daɓen sama su zarce bangon ƙasa da ƙafa ɗaya ko biyu, a ɗora bangon bene a bakinsu, sai ɗakin sama ya leƙo kan titi. Yana ƙara fili, yana kāre bangon ƙasa daga ruwan sama, nauyin bangon kuma yana hana katakan daɓe lotsawa a tsakiya. Duk gaskiya ne. Sai dai a garin da fili bai yi ƙaranci kamar Landan ba, kuma aka fi yin turowar a fuskar da ke kallon titi, ni a ganina ado da nuna hali su suka fi rinjaye. Idan gida yana kan kusurwa kuma ana so ya turo ta fuska biyu, sai an sa wani ƙaton katako a karkace daga tsakiyar ɗaki zuwa kusurwar, a tallafe shi da ginshiƙi mai sassaƙa. A nan ake gane gwanin kafinta.

Tsofaffin gidajen, irin wanda ake kira Little Hall a bakin kasuwa, wanda aka fara ginawa a shekarun 1390, tsarinsu kusan ɗaya ne. A tsakiya akwai babban zaure wanda ba bene a kansa, daga ƙasa har rufi. Wuta a tsakiyar daɓe ake hura ta, hayaƙi ya tashi ya nemi hanyarsa ta rufi. A gefe ɗaya akwai ɗan lungu da ya ratsa gidan daga ƙofar titi zuwa ta baya, bayansa ɗakunan ajiyar abinci da abin sha. A ɗaya gefen kuma turakar mai gida, da ɗaki a samanta. Tagogi ba gilashi, sai sandunan katako a tsaye da murfi mai zamewa. A ƙarni na 16 aka shiga gina bututun hayaƙi da jan bulo, aka raba zauren gida biyu aka sami ƙarin ɗaki a sama. Wani limamin coci a maƙwabciyar gunduma ta Essex, William Harrison, ya rubuta a littafinsa na 1577 cewa dattawan ƙauyensa suna lissafa yawaitar bututun hayaƙi cikin manyan canje-canjen da suka gani a rayuwarsu. Har yanzu in aka hau can cikin rufin irin waɗannan gidaje aka tarar katakan sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, an san wuta ta taɓa ci a tsakar zauren.

Amma abin da ya fi jan hankalina shagunan ne, domin su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma su ne ke ba da labarin ƙaramin mutum. Gidan attajiri kowa na ganinsa. Shagon mai ɗinkin takalma ko mahauci ko mai sayar da kyandir kuwa, sai an tsaya an duba da kyau. Ɗan ɗaki ne a gaban gida, a ƙarƙashin benen da ya turo, wanda ba zai ɗauki mutum biyar a sake ba. A bangonsa na titi akan bar manyan kafofi biyu ko uku a jere, kowace da ɗan baka a samanta, wani lokaci da sassaƙar ganye a kusurwoyin. Ba gilashi. Da dare ana toshe su da allunan katako. Da safe a wasu shagunan sai a sauke allon ƙasa ya zama teburin baje kaya, a ɗaga na sama ya zama rumfa. A wasu kuma daga ciki ake cire allon gaba ɗaya, shi ya sa ake ganin gurbin da aka fafe masa a jikin ginshiƙi. Mai saye ba ya shiga. A titi yake tsayawa, ya nuna abin da yake so, a yi ciniki ta taga, kamar dai yadda ake yi a kantin unguwa. Kusa da kafofin akan sami wata siririyar ƙofa, daban da ƙofar gida, domin kada harkar kasuwa ta ratsa cikin iyali. Yawancin shagunan nan kuma wurin aiki ne: hasken da ke shigowa ta kafar shi mai sana'a ke aiki da shi, mai wucewa yana ganin hannunsa da abin da yake yi.

A titin Lady Street na Lavenham akwai irin waɗannan kafofi da suka tsira da bakansu, yanzu an sa musu gilashi. Da yawa a wannan gari da maƙwabtansa kuwa an toshe su tun da daɗewa, shago ya koma ɗakin zama. Sai ranar da aka ɓamɓare yaɓe domin gyara ake tarar da ramukan turaku a inda bakan yake, da gurbin allo, da katakon da mutane suka goge da gwiwar hannu. Kasuwar garin ma tana nan a bisa tudu, da ginshiƙin dutse a tsakiyarta, wanda aka kafa da wasiyyar wani attajirin yadi mai suna William Jacob a 1501.

Ginin da ya mamaye gefe guda na kasuwar shi ne zauren ƙungiyar Corpus Christi, ɗaya daga ƙungiyoyin addini da taimakon juna na masu hali a garin. Wajen 1530 aka gama shi, kuma a cikinsa kafintocin Suffolk suka zuba duk abin da suka iya: katakai a jere kamar haƙoran mataji, bene mai turowa ta fuska biyu, baranda mai hawa biyu, sassaƙa a ko'ina. Ƙungiyar ba ta ci moriyarsa ko shekara 20 ba, domin a 1547 gwamnati ta rushe irin waɗannan ƙungiyoyi a duk ƙasar. Bayan haka ginin ya zama gidan yari, ya zama gidan da ake tara matalauta ana sa su aiki, ya zama ma'ajiyar ulu.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Alamar ta fara bayyana tun ana tsakiyar daula. A 1525 Sarki Henry na Takwas da wazirinsa Wolsey suka ƙaƙaba wani sabon haraji domin yaƙi da Faransa, ba tare da yardar majalisa ba. Attajiran yadi suka ce ba za su iya biya su kuma riƙe ma'aikata ba. Dubban masaƙa da leburori suka taru a Lavenham suka ce ba su yarda ba, har dai sarki ya janye harajin. Sun ci wannan, amma kasuwa ta riga ta fara juyawa. Yaƙe-yaƙen Turai suna toshe hanyoyin fatauci. 'Ya'yan Spring suka kwashe dukiyarsu daga yadi suka sayi gonaki da muƙamai. Daga shekarun 1560 kuma masaƙa 'yan gudun hijira daga ƙasashen Holan da Flanders suka zauna a Colchester da Norwich suna saƙa yadi marar nauyi, mai araha, mai ɗaukar ido. Kakkauran shuɗin Lavenham ya zama tsohon yayi. Garin da ya saba fitar da yadi ya koma taje gashi da kaɗa zare yana sayar wa masaƙan wasu garuruwa.

A nan ne abin da ya tsare gidajen ya faru, kuma ba wanda ya shirya shi. Bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta bulo ko dutse, kuma sannu a hankali gidan katako ya zama abin kunya a idon mai kuɗi. A garuruwan da kasuwa ke ci, an rushe su an gina na bulo, ko an manna musu sabuwar fuska. Mutanen Lavenham ba su da kuɗin rushewa. Abin da suka iya shi ne su shafe katakan da yaɓe saboda sanyi, su toshe taga, su raba gidan attajiri guda zuwa ɗakunan haya uku ko huɗu. Kada mai karatu ya ɗauka wannan zama ne mai daɗi. Iyalai sun yi shekaru ɗaruruwa cikin ɗakuna masu yoyo da danshi, a ƙarƙashin rufin da aka sassaƙa wa masu kuɗi. A ƙarni na 19 saƙar gashin doki da tabarmar ɓawon kwakwa suka ɗan ba mutane abin yi, jirgin ƙasa ya iso a 1865, amma ba a sake ganin irin dukiyar da za ta sa a rushe titi guda a sake shi ba.

Haɗarin gaske ya zo ne lokacin da aka fara son gidajen. A zamanin Sarauniya Victoria tsohon gini ya dawo yayi, aka shiga ɓare yaɓe ana shafa wa katako baƙin fenti, bango kuma fari. Wannan baƙi da fari da mutane ke ɗauka shi ne asali, yawancinsa kwalliyar wancan zamani ce. A Suffolk an fi sanin farar ƙasa a kan katako da yaɓe baki ɗaya, ko a sirka ta da jar ƙasa ko rawaya. Sannan masu kuɗi suka gano cewa gidan da aka haɗa da turaku ana iya zare turakun a loda shi a kai wani wuri. Dabarar da ta sauƙaƙa ginin ita ce ta sauƙaƙa sace shi daga garinsa. A 1911 an kwance tsohon zauren ulu na Lady Street da niyyar a kafa shi a wani gari, sai da aka yi ta ƙorafi kafin a dawo da katakan a mayar da su gurbinsu. Yau ginin yana cikin otal ɗin Swan.

Tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, da aƙidar cewa a gyara abin da ya lalace kawai, kada a sabunta gini har ya rasa shekarunsa. Wannan ra'ayi ya daɗe kafin ya kama ƙasa. A shekarun 1920 wasu tagwayen sojoji, 'yan gidan Gayer-Anderson, suka sayi Little Hall suka gyara shi. Ɗayansu shi ne wanda gidansa na Alƙahira, a jikin masallacin Ibn Tulun, ya zama gidan tarihi mai ɗauke da sunansa. Dokar tsara birane ta 1947 ta ƙarfafa rajistar gine-ginen tarihi, a 1951 zauren Corpus Christi ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, a 1967 kuma aka tumɓuke turakun waya daga titunan garin aka binne wayoyin a ƙasa.

Gyaran ma bai rasa nasa ɓarnar ba. A tsakiyar ƙarni na 20 an shafe gidaje da yawa da siminti da fentin zamani, da kyakkyawar niyya. Farar ƙasa da yumɓu suna shan ruwa su kuma sake shi. Siminti kuwa in ya tsage ruwa ya shiga, ba ya barinsa fita, sai katakon ƙasa ya jiƙe ya ruɓe, ƙwari masu cin itace su samu gida. Maginanmu sun san wannan ciwo, domin haka filastar siminti ke yi wa bangon tubali: ta yi kyau shekara kaɗan, sannan ta ɓallo da naman bangon. Masu gyara a Suffolk yanzu ɓare simintin suke yi suna komawa farar ƙasa, inda katako ya ruɓe su yanke wurin kawai su dasa sabon itace ɗanye, su ɗaure da turke kamar yadda aka yi da farko.

Yau baƙi ne ke ciyar da Lavenham. Wasu tsofaffin shagunan sun sake zama shaguna, na shayi da zane da kayan tsaraba, kuma gidajen da matalauta suka riƙe shekara 300 sun yi tsadar da jikokinsu da yawa ba za su iya saya ba. Wannan ɓangaren labarin ba ya yi mini daɗi, kuma ba a cika faɗarsa ba. Idan Allah ya kai ka garin, mai karatu, kowa zai nuna maka hasumiyar coci da zauren Corpus Christi da gidan De Vere da ya fito a fim ɗin Harry Potter. Ka duba su, sannan ka gangara Lady Street ka tsaya a gaban kafofin nan masu baka, a daidai inda mai saye yake tsayawa, ka dubi tsayin katakon da ake ɗora kaya a kai.